Farar motar da na kai ƙofar wata baiwar Allah a Darfur

'Yar maƙwabciyarmu a nan unguwar Nima da ke Accra 'yar sanda ce, kuma sunanta ya fito cikin masu tafiya aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan ta Kudu. Ranar Asabar bayan magariba ta shigo da takarda da biro, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Anti, ke da kika taɓa zuwa, me da me zan ɗauka?" Wannan bai ɗauke mu minti biyar ba: gidan sauro, maganin zazzaɓi, gari, shito mai yawa, takalmi mai ƙwari. Da ta fara naɗe takardar sai na ce ta koma ta zauna, akwai abin da shekara da shekaru ban gaya wa kowa ba sai mijina.

Shekara ɗaya na yi a Darfur da ke yammacin Sudan, ƙarƙashin rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, wadda aka kafa a 2007 aka rufe a ƙarshen 2020. Mu 'yan sanda masu ba da shawara ba mu riƙe bindiga, ba mu da ikon kama kowa. Namu shi ne sintiri a sansanonin 'yan gudun hijira, sauraron koke, ba da shawara, da rubuta rahoto. Na tafi da alfahari cike da ciki. Mu 'yan Ghana tun 1960 muke wannan aiki, a Kwango muka fara. A 1994, lokacin da aka janye yawancin dakaru daga Ruwanda ana tsakiyar kisan kiyashi, sojojinmu ƙarƙashin Henry Anyidoho sun tsaya. Kofi Annan, wanda ya taɓa zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan Kumasi ne. Duk wannan yana kaina, har nake jin shuɗiyar hular nan kaɗai ta isa ta zama inuwa ga duk wanda na tsaya kusa da shi.

Kuma an koya mana, wannan dole in faɗa. A kwas ɗin da na yi a cibiyar horo ta Kofi Annan da ke Teshie an nanata mana cewa kada taimakonka ya zama sanadin cutar da wanda ka je taimako. An ce a nemi yardar mutum kafin a rubuta maganarsa, an ce a rufa masa asiri. Na rubuta a littafi, na ci jarrabawa.

Wata na huɗu ne, a wani sansani da ke wajen Nyala, babban birnin Darfur ta Kudu. Muna tsaye wurin famfo, mata sun jera jarkoki, tafintanmu yana can gefe yana magana da wani dattijo. Na yi tuntuɓe da igiya na ce "Wayyo Allah, ƙafata!" Sai wata mata ta ɗago kai ta dube ni. Ta matso kamar mai gyara jarkarta, ta ce a hankali, "'Yar'uwa, kina jin Hausa?"

Na san akwai Hausawa a Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa suka zauna, amma ban taɓa zaton zan ji harshen gidanmu a wannan wuri ba. Hausarta ta sha Larabci, tawa ta Zango ce, amma mun fahimci juna sarai. Idonta na kan jarka, ba ta dube ni ba, ta ce shekaranjiya 'yarta ta fita neman itace tare da wasu, maza masu bindiga suka tare su. Sauran sun tsere, ita ba ta tsira ba. Ta ce ko mahaifin yarinyar bai sani ba. Ta kwatanta mini rumfarsu.

Ga abin da ya kamata in yi a wannan minti. In ce mata: ki kai ta wurin ungozoma yau ɗin nan, ki ce ciwon ciki take yi. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma bai wuce kwana 5 ba. Ta ce shekaranjiya, ke nan kwana biyu sun riga sun tafi. Na san wannan lissafi, na haddace shi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kada ki damu, gobe zan zo."

Na zo kuwa. Kafin a ba mu mota da 'yan rakiya la'asar ta yi. Na iso da farar mota mai manyan baƙaƙe a jiki, da abokan aiki maza biyu, da tafinta, da littafi a hannu. Na sa direba ya tsaya daidai ƙofar rumfar. Yara suka yanyame motar. Mata suka leƙo ta bayan tamfol. Ba a sansani kaɗai ba, ko a Nima a ce motar 'yan sanda ta tsaya ƙofar gidanku, kafin isha'i har Maamobi an ji. Ni da na tashi a lungun da ake jin tarin maƙwabci ta bango, ni ce na manta da haka.

Fuskar matar nan da ta fito, har gobe ina ganinta. Ba ta yi mini Hausa ba. Da Larabci ta yi magana, ta bakin tafinta, ta ce babu abin da ya faru, ban fahimce ta ba ne jiya. Maimakon in gane in juya, sai na matsa. Na ce mata da Hausa, a gaban mutane, "Yaya, kada ki ji tsoro, faɗi sunan yarinyar." Ta faɗa, don ta rabu da ni. Na rubuta.

Sai daga baya na zauna na fahimci dalilin da ya sa ta zaɓi Hausa a wurin famfo. Harshen da tafinta ba ya ji ne, maƙwabta ba sa ji. Ta sami wata 'yar ƙofa da ba wanda ya san da ita, ta miƙo mini amanarta ta nan. Ni kuma murnar jin Hausa da zumuɗin cewa na samo abin da sauran abokan aikina suka kasa samu suka rufe mini ido. Ina son rahoto mai suna da rana da wuri. Ban tambaye ta ko sau ɗaya abin da take so a yi ba.

Ta fi ni sanin ƙasar da take ciki. A lokacin, dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta ɗaure fyaɗe da zina wuri guda, ta yadda macen da ta kai ƙara ta kasa tabbatar da tilas aka yi mata, maganar na iya juyowa kanta. Sai a 2015 aka gyara wannan sashe. Ga kuma abin da ba doka ce ta rubuta shi ba: yarinyar an sa mata rana.

Bayan kwana shida muka koma. Rumfar babu kowa, an kwashe har tabarma. Wata tsohuwa ta gaya wa tafinta cewa dangin saurayin sun janye, mahaifin ya ji a bakin mutane, kuma wasu maza sun zo da dare suna tambayar me aka gaya wa masu farar mota. Inda suka nufa ba wanda ya faɗa mini. Ban ga laifinsu ba, wa zai sake gaya mini wani abu a layin nan?

Sauran watannin takwas na sake salon aiki gaba ɗaya. Na daina zuwa ƙofar kowa. Akwai rumfar mata inda ake koyar da ginin murhun laka mai cin itace kaɗan, don a rage fita daji. Can nake zama, mota kuma tana nesa, wajen makaranta. Mace ta shigo ta fita, kowa ya ɗauka murhu ya kawo ta. In wata ta fara magana, tambayata ta farko ita ce yaushe abin ya faru, kuma ta ga ungozoma? Ta biyu, me take so in yi? Da yawa sukan ce magani kawai, kada a rubuta. Sai in rufe littafin. Wadda ta yarda a rubuta, lamba nake sawa a madadin suna. Na dage sai an ba ni tafinta mace, kuma wadda ba a layinsu take zaune ba, ko da hakan zai sa in jira kwana biyu. Rahotannina sun ragu, matan da suka isa asibiti a kan lokaci sun ƙaru.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan muka haɗu da waɗanda muka yi aiki tare, hira ba ta wuce dala nawa aka tara da filin da aka saya a Kasoa. Ni ma na yi gini da kuɗin, alhamdu lillahi, ba na raina shi. Amma ƙannenmu mata da ake ta turawa yanzu, tun da ƙuduri na 1325 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, na shekarar 2000, kan shigar da mata aikin zaman lafiya ya buɗe wannan hanya, ana tura su ne don mata su sami wadda za su iya yi wa magana. In ba a gaya musu irin nawa ba, za su je da zuciya ɗaya su maimaita shi.

'Yar maƙwabciyar tamu ta yi shiru, biro a hannu, ba ta rubuta komai ba. Can ta ce, "Anti, kin sake jin labarinsu?" Na ce a'a. Tun da yaƙi ya sake ɓarkewa a Sudan a watan Afrilun 2023, duk sanda aka ambaci Nyala a rediyo sai in ajiye abin da nake yi. Shafin da na rubuta sunan na yage shi na ƙona tun a can, kafin ya shiga kowane rahoto. Sunan dai yana kaina, kuma shi nake ambata a sujadar ƙarshe ta asuba, ita da mahaifiyarta.