Ranar da na faɗi a gindin hasumiyar Dom

Sai da na yi wata huɗu a Utrecht, wani gari a ƙasar Holland, kafin na sayi keke. Kuɗin bas ya ishe ni, kuma kullum da safe ina tsaye a tasha ina kallon tsofaffi masu furfura da mata masu goyon yara biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, suna wuce ni fiu. Wani ɗan Ghana da muke gida ɗaya ya haɗa ni da wani da zai bar gari, na ba shi Yuro 80 ya miƙo min baƙin keke mai nauyi, irin wanda suke kira omafiets, wato keken kaka. Na latsa taya, na duba cen, na kaɗa ƙararrawa. Birki kam ban duba ba, don ban taɓa sanin akwai keken da ake tambayar inda birkinsa yake ba. Tun ina ɗan shekara tara na koyi keke a wurin mai keken haya na wajen Ƙofar Na'isa, wa zai koya min keke yanzu?

Ranar Asabar na ce yau sai na zaga garin nan da ƙafata a kan feda. Na fara ta bakin Catharijnesingel, ruwan da ya kewaye tsohon gari. Wannan wurin ya ba ni mamaki tun kafin in hau keke: a shekarun 1970 sun cike wani sashensa suka shimfiɗa babban titin mota, daga baya suka ga sun yi kuskure, suka fasa titin, suka sake haƙa, a 2020 ruwa ya dawo inda yake. Ina tafe ina tuna badalarmu da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, yadda muke kallo ana yankarta ana gina shaguna. Iska na kaɗa ni, hanya shimfiɗe ba tudu ba gangare, in ina son rage gudu sai in daina taka feda, keken ya lafa da kansa. Shi ya sa har na kai tsakiyar gari ban nemi birki ba.

Daga nan na shiga Oudegracht, tsohon magudanar ruwan da ya ratsa gari. Titin yana sama, ruwan yana can ƙasa, a tsakaninsu akwai dakali mai faɗi da ɗakunan ajiya da aka haƙa a ƙarƙashin titi, inda fatake ke sauke kaya daga jirgin ruwa tun ɗaruruwan shekaru. Yanzu wuraren cin abinci ne. An yi yayyafi da safe, jan bulon da aka shimfiɗa a ƙasa yana ta sheƙi. Da na karya kwana zan hau gadar da ke fuskantar hasumiyar Dom, wato hasumiyar babban cocin garin, sai na ɗaga kai. Mita 112 ce, an fara gininta a 1321 aka gama a 1382, kuma daga wurin nan tana tsaye a gabanka kamar za ta faɗo maka. Ido na sama, sai wata mata mai tura jariri ta tsaya cak a gabana.

Na damƙe kan keken da hannu biyu ina neman birki. Ba komai. Yatsuna suka kama iska. Na karkatar da kai don kada in bi ta kan jaririn, na tafi na daki kekunan da aka ɗaure a jikin ƙarfen gada, na zube. Gwiwar wandona ta yage, jini ya fito, dabinon da na zuba a aljihu ya watse a kan bulo.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau ya kasa fita daga raina. Kekuna suka ci gaba da wucewa, suna raba ni gida biyu kamar ruwa ya samu dutse, wasu har da kaɗa ƙararrawa. Matar ta waiwayo ta dube ni, ta dubi jaririnta, ta tura ta tafi. Wani dattijo ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya faɗi wata magana da harshensu da ƙarfi, ya nuna min fedarsa yana murza ta baya, sau biyu, ya hau ya wuce. A nan na gane birkin keken a feda yake, baya ake takawa. Na san taimakona ya yi, ban musa ba. Amma a cikin mutanen nan duka, ko mutum ɗaya bai ce min sannu ba. Ban nemi a ɗaga ni ba, ban nemi a kai ni asibiti ba. Sannu kawai. Na tsince dabinona ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallon gabansu.

Na ja keken na bi ta ƙarƙashin hasumiyar, na fita filin da ke tsakaninta da cocin. Da can gini ɗaya ne. Ranar 1 ga Agusta 1674 wata guguwa ta rushe tsakiyar cocin, hasumiya ta tsaya ita kaɗai a gefe, ragowar cocin a ɗaya gefen, kuma ɓaraguzan suka zauna a wurin har 1826 kafin a kwashe. Na shiga ɗan lambun da ke jikin cocin, wanda suke kira Pandhof, na zauna a kan dutse ina danna gwiwa da hankici. A nan Baba ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa.

Baba Rali gare shi, baƙi, mai madubi biyu da famfo a jikinsa. Shekara talatin yana koyarwa a firamare a kan keken nan. Ranar Juma'a da safe yake wanke shi, ya bi kowace waya ta taya da tsumma, ya ɗiga wa cen mai, kafin ya hau kuma sai ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama ya soke a safa. A kariyarsa na yi makaranta. Wata rana da damina yashi ya kwashe mu a bakin badala, muka zube tare. Kafin mu tashi an taru. Sannu Malam, sannu yaro, subhanallahi. Wata tsohuwa ta aiko da ruwa a kwanon sha, mai faci ya tsallako titi ya matse tayar gaba a tsakanin gwiwoyinsa ya miƙar da kan keken, ya ƙi karɓar ko kwabo. Shi kuwa Baba, hannunsa a goge yana jini, maganarsa ta farko ita ce, "Ka ji ciwo?"

Da na shiga sakandare na fara jin kunyar keken. 'Ya'yan masu Vespa da masu Fijo ake saukewa a bakin get, ni kuma a kariya. Sai na riƙa cewa, "Baba, sauke ni a nan, zan ƙarasa," tun muna nesa da makaranta. Bai taɓa tambayata dalili ba. Zai tsaya, in sauka, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya. Shekara uku muna haka. Ya sani, wallahi ya sani.

Yanzu ga ni a ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa. Malamin da ke duba aikina, farfesa guda, da keke yake zuwa, jakarsa ɗaure a kariya. Mark Rutte, lokacin da yake firaminista, da keke yake zuwa ofis, har hotonsa na gani yana kulle keke a ƙofar fadar sarki. A tashar jirgin ƙasa ta Utrecht akwai wurin ajiye keke hawa uku mai ɗaukar 12,500, an ce babu kamarsa a duniya. Duk ranar da na shiga ciki na ɗora nawa a layi, sai in ji da ma Baba ya ga wannan. Ba zai ce komai ba, murmushi zai yi ya tambayi nawa ake biya.

Na iya keken yanzu, kuma ina alfahari da hakan. Ina taka baya ba tare da tunani ba, ina miƙa hannu kafin kwana, ina kunna fitila da magariba, na san lungunan da ƙannena ba su taɓa jin sunansu ba. Sai dai har yau in zan hau gadar nan nakan sauka in ja.

A daren ranar da na faɗi na kira Umma. Ban yi niyyar gaya mata ba, tambayarta kawai na yi, "Umma, keken Baba yana nan?" Ta ce yana rataye a ɗakin zaure, tayoyin sun mutu, ƙanena ma ya so ya ba 'yan gwangwan ta hana. Ta ce me ya kawo maganar keke da daren nan. Sai na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ayya, sannu. Sannu ɗan nan. Sannu." Ta tambaye ni ko na gasa wurin da ruwan zafi, na ce zan gasa. Na ce gobe zan turo kuɗi a kai keken wurin mai gyara, a sa masa sabuwar taya da tub, a wanke cen. Ta ce to wa zai hau? Na ce a gyara dai, kuma a bar madubin yadda Baba ya ɗaura su.