Gidan na kansul ne, amma makullin asusu yana Landan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya ya iyali. Masu tambayata wai da gaske ne gwamnati na ba talaka gida a Ingila, eh akwai su, gidajen kansul ake ce musu, ƙaramar hukuma ce ke da su tana ba da haya mai rahusa. To amma ku ji yadda ake wahala kafin a gyara su.

Rufi na yoyo ko bango ya yi danshi fumfuna ta fito baƙi ƙirin, ɗan haya zai kira kansul ya yi ta faɗa, su kuma su ce ba kuɗi, kuma wallahi sau da yawa ba ƙarya suke ba, don kuɗin hayan ma ba su ke yanke shi yadda suka ga dama ba. A 2016 gwamnatin tsakiya ta tilasta musu rage haya da kashi 1 cikin ɗari duk shekara har shekara huɗu, 'yan haya sun ji daɗi mana, amma daga wannan kuɗin ne ake canza taga da hita da rufi, kun ga an ba mutum da hannun dama an karɓe da na hagu.

Abin ya samo asali tun 1980 da Firaminista Margaret Thatcher ta kawo dokar da ta ba ɗan haya damar sayen gidan da yake ciki da ragi mai yawa, gidaje masu kyau suka tafi, kuma aka ɗaure hannun kansul kan yadda za su kashe kuɗin cinikin, daga baya ma kaso mai tsoka ya riƙa wucewa baitulmalin gwamnatin tsakiya. Da jam'iyyar Leba ta zo sai ta ce a 2000 dole kowane gida ya kai wani mizani na inganci nan da 2010, magana mai daɗi, amma ƙarin kuɗin gyaran da sharaɗi, kansul ko ku miƙa gidajen ga ƙungiyar gidaje mai zaman kanta, ko ku kafa kamfani na daban ya riƙa kula da su, ko ku shiga yarjejeniya da 'yan kasuwa. 'Yan hayan gidajen kansul na Camden a nan Landan suka kaɗa ƙuri'a a 2004 suka ce ba sa son kamfanin, sai aka riƙe kuɗin kawai. Wai an tambaye ka ra'ayinka kenan fa!

Ko bashi ma an sa musu iyakar da ba za su wuce ba, sai a 2018 Firaminista Theresa May ta cire, bayan gobarar Grenfell, wani dogon benen gidajen kansul a Landan, ta 2017 da ta ci mutum 72.

Ni dai ban wanke kansul ba, wasunsu sakaci ne zalla, sun samu inda za su fake. Yanzu ga dokar Awaab, sunan yaron nan ɗan shekara biyu da fumfuna ta yi ajalinsa a Rochdale a 2020, ta sa wa masu gidajen wa'adin gyara. Na goyi bayanta ɗari bisa ɗari, sai dai har yanzu gwamnatin tsakiya da ke Landan ce ke faɗin nawa haya za ta ƙaru, a 2023 ma ta ce kar a wuce kashi 7 alhali kayan gini sun yi tashin gwauron zabi.

A gaishe da kowa da kowa, sai na sake rubutowa.