Bashi ne ko zamba?

Shekara shida na yi ina aikin tafinta a wata kotun majistare, kuma abin da ya fi ba ni wuya shi ne sunayen laifuka. Wata Talata aka kawo wani dattijo mai sayar da hatsi, hularsa a hannu, ana tuhumarsa da zamba cikin aminci. Na karanta masa tuhumar da Hausa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni bashi na ci, buhu ashirin na masara, kuma ban musa ba." Da na juya maganarsa da cewa ya amsa laifi, da ya kwana gidan yari a ranar.

Bashi rigima ce tsakanin mutum biyu, a biya a rabu. Zamba kuwa laifi ce, hukuma ce ke ƙara, ɗauri na iya biyo baya. A kasuwa duk "ya cuce ni" ake cewa.

Mu a Arewa da Finalkod muke aiki, wato kundin laifuka da hukuncinsu, wanda ya fara aiki a 1960. An ɗauko tsarinsa daga kundin Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860. Kudu suna da nasu, Kiriminal Kod, mai asali daga Kwinslan ta Ostireliya. Shi ya sa nake gyara wa abokaina idan suka kira mai damfara "ɗan 419". Wannan lambar ta sashen kundin Kudu ce. A namu damfara tana sashe na 320, hukuncinta a 322.

Sai kuma 2000, da Zamfara ta fara aiki da kundin hukunci na Shari'a, wasu jihohi suka bi. Kalmomin da muka koya a zaure wajen malam suka shigo takardar tuhuma: haddi, ƙisasi, diyya, ta'aziri. Fashi da makami ya zama hiraba. A ganina waɗannan sun fi zama a kunnen mutanenmu, ko da yake na ga masu ɗauka cewa kowane hukuncin alƙali haddi ne, alhali mafi yawansu ta'aziri ne, wato horon da ba a ƙayyade shi kamar haddi ba.

Dattijon nan dai, na roƙi izinin majistare na sake tambayarsa a hankali: lokacin da ya karɓi masarar, da niyyar biya ya karɓa? Ya ce wallahi da niyyar biya, farashi ne ya karye masa. Aka rubuta bai amsa laifi ba, aka ba da belinsa, ɗansa ya tsaya masa.