Na je York, ban ga York ba

Jiya na tarar da ɗan ƙanwata yana danna kaya a ƙaton akwati, wai hutu zai tafi Ingila a Disamba, har garin York zai leƙa. Shadda kala shida, rigar sanyi ko ɗaya babu. Na ce, "Kai, ina za ka da wannan?" Ya ce, "Kawu, hotuna fa." Raina ya ɓaci, don kaina na gani.

Haka na yi lokacin da na je York. Ban sayi tikiti da wuri ba, sai a tashar jirgin ƙasa ta King's Cross da ke Landan, aka caje ni son rai. Awa biyu a jirgin ƙasa, na sauka wajen ƙarfe uku, kafin huɗu rana ta faɗi, la'asar ta kusa kuɓuce mini. Ga ganuwar garin nan gaban tasha, ana hawa a zagaya ta a ƙafa, kusan mil biyu, amma da magariba ake rufewa. Na ce gobe. Na ja akwatina kan duwatsun Shambles, lungun mahautan da, har tayarsa ta cire.

Goben kuwa tsaraba ta cinye ta. Kada a yi saurin zargina, wa zai dawo daga Turai hannu rabbana ya shiga gida lafiya? Gwaggo kaɗai ta ishe ka. Duk da haka wauta ce. Na tsaya ƙofar Minster, babbar majami'ar nan, na juya kuɗin shiga zuwa naira, na fasa. Na yi hoto da gunkin wani mutum a kan kujera. Sai bayan na dawo na ji Kwanstantin ne, a garin aka naɗa shi sarkin Rum a shekarar 306. Ni da na tashi a gindin badalar Kano, ban taka tasu ba.

Shawara goma na shirya, ga abin da ya rage. Ku isa da safe, ku hau ganuwa kafin komai. Gidan tarihin jiragen ƙasa na bayan tasha, kyauta ne. Kada ku ɗauki kilishi, ba a shiga Ingila da nama. Ku daina lissafin naira. A'a, ku riƙa yi, kuɗin iyayenku ne, ku da ba ku san zafin nema ba.

Yaron dai ya ƙara shadda ta bakwai.