Yadda Nake Adana Abincin Kajina a Damina

A daminar bara na yi asarar rabin buhun dusa da masara a gidana da ke Tudun Wada a Kaduna, saboda na ajiye shi a kan siminti, danshin watan Agusta ya ratsa shi har gindin buhun ya dunƙule ya yi fumfuna. Ban ba kajin ba, domin irin wannan fumfunar kan haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hantar kaza ta kuma rage ƙwai. Yanzu ina zuba abincin a durom mai murfi saboda ɓeraye, in ɗora shi bisa katako nesa da bango, kuma ba na sayen abin da ya wuce na mako uku.