Tarkon rairayi a bayan garin Tawa: inda aka kwana

Ƴan uwa masu koyon awon rairayi, barkanmu da war haka. Tarkon da na ce zan haɗa, na kama rairayin da iska ke kwasa don a auna shi, ya kammala, yana nan kafe bisa wata jigawa a bayan garin Tawa. Samfurin wani masani mai suna Leatherman na bi, wanda aka fito da shi a 1978 don awo a tuddan bakin teku a Amurka. Tiyon roba ne mai faɗi, a tsaga shi gaba da baya, a rufe tsagar baya da raga: iska ta wuce, rairayi ya zube cikin gwangwanin da ke binne a ƙasa. Ragar gidan sauro idonta ya yi faɗi, ƙyallen rariyar tankaɗe ya fi riƙewa.

Bakin tarkon ne ke son kulawa. Rairayi ba ya tashi sama kamar ƙurar hunturu. Tsalle yake yi, ƙwaya ta faɗo ta bugi ƴar uwarta ta tashe ta, kuma mafi yawansa ƙasa da santimita 30 yake tafiya. In leɓen tsagar ya ɗara ƙasa ko da yatsa biyu ne, awon ya ɓaci. Iska kuma tana rarake gindin tiyon, sai an share an daidaita kafin kowane awo.

Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne barin tarko ya kwana ya yini ba mai rubuta ƙarfin iska. Ralph Bagnold, sojan Ingila da ya yi bincike a hamadar Masar da Libiya, ya nuna cewa in ƙarfin iska ya ninka biyu, rairayin da take kwasa yakan kai kusan ninki takwas. Ke nan awa guda ta iskar hadari tana iya kwasar abin da ƴar iskar mako guda ba ta motsa ba. Shi ya sa nake juye gwangwanin duk minti 15, in auna da ƙaramin sikelin ƴan zinariya, in rubuta lokaci da inda iskar ta fito.

Masu aikin bakin teku suna fama da danshi, don jiƙaƙƙen rairayi ba ya tashi da sauƙi, dole su auna laimarsa ma. Mu da rani wannan bai dame mu ba. Lokacinmu shi ne Mayu da Yuni, sa'ad da iskar gabas ke rigan ruwa isowa, gonaki kuma tsirara. Ita ce ke binne tsiron hatsi.

Tarko na biyu zan kafa shi bayan shingen karan hatsi, irin wanda aka tsare tuddai da shi a Keita ta jihar Tawa, in ga bambancin a sikeli. Wanda ke da na'urar awon iska ta hannu a Tawa ko Yamai, don Allah ya ara mini kafin hadarin farko.