Godiya bayan kare kundin digirina na biyu

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis na kare kundina a sashen nazarin sassan jikin ɗan'adam na Jami'ar Jihar Gombe, malamai sun amince, saura 'yan gyare-gyare.

Masu tambayata a WhatsApp wai me nake ta bincike haka, ga shi. Ƙwayoyin da za su zama ƙwan mace ko maniyyin namiji suna bayyana tun ciki yana wajen mako 3, su yi ƙaura zuwa inda ma'ajiyar ƙwai ko maraina za su tsiro. Na bi diddigin ƙwayoyin gadon da ke kunnuwa da waɗanda ke yin shiru a kowane mataki, ta hanyar amfani da bayanan ƙwayoyin jikin tayi sama da 2,000 da masanan Jami'ar Peking suka fitar a 2017. Ƙwayoyin da za su zama ƙwai a tayin mace suna shiga rabuwar da ke raba gado biyu tun a ciki, na namiji kuwa sai an balaga. A wata na 5 'yar tayi tana ɗauke da ƙwai miliyan 6 zuwa 7, amma da miliyan 1 zuwa 2 kawai ake haihuwarta.

Malamina da ya duba aikin, Allah ya saka da alheri. Shi ya dage kada in jingina da sakamakon ɓera, domin a mutum ƙwayar gado mai suna SOX17 ce ke jan ragamar samuwar ƙwayoyin da za su zama ƙwai ko maniyyi, kamar yadda aka nuna a Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2015. Nan kuwa mai jarrabawa na waje ya tsare ni, sai ga amsa a bakina.

Yaya, da kwamfutarka na yi aikin nan kaf. Mai shagon cajin unguwarmu a Tudun Wada, da ke bar mini soket ɗaya a gefen firji duk sanda aka ɗauke wuta, Allah ya ƙara kasuwa.

Dada, ke kam ban san ta inda zan fara ba. Da na gaya miki ƙwan da aka halicce ni da shi ya samu tun kina cikin kakata, cewa kika yi to ai ita ya kamata in fara kai wa goro. Na kai mata jiya, ta sa albarka.

Akwai walima a gida ranar Asabar bayan La'asar. Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri, ya zo mu gaisa.